ProPokerTools ga mai fara wasan PLO: abin da yake yi maka da wanda ba zai yi ba

Jama'a duk wanda ya fara shiga pot-limit Omaha, wato PLO, wani nau'in wasan kati na poker, musamman teburin kuɗi kai tsaye ba gasa ba, tambayarsa ba ta wuce wane kwas zai saya ko bidiyon wa zai kalla. Ni dai shawarata ita ce kafin ka kashe ko sisi a kan kwas, ka fara zama da kalkuletan ProPokerTools ka yi ta zuba masa kati kana kallon lissafin da yake fitarwa, domin abin da ke cinye kuɗin sabon ɗan PLO ba rashin wayo bane, idonsa ne bai saba da wasan ba, yana kallon kati huɗu da idon Hold'em, wato poker ɗin da ake raba kati biyu a hannu, hannun da yake gani kamar dutse ashe da ƙyar ya ɗara na abokin karawarsa. Wannan ciwon kuwa ban ga abin da ke maganinsa da sauri kamar wannan kalkuleta ba. Amma fa yana da iyakarsa, kuma iyakar tana da muhimmanci sosai, zan zo kanta.

Bari in ɗan share fage saboda wanda bai gama riƙe dokar wasan ba. A Omaha kati huɗu ake raba maka a hannu, biyar kuma a buɗe a tebur kamar yadda ake yi a Hold'em, sai dai dole ne ka yi amfani da biyu cif daga hannunka da uku cif daga tebur, ba ɗaya ba ba uku ba. Idan kati huɗu masu kala ɗaya suka fito a tebur kai kuma kana riƙe da As ɗin kalar shi kaɗai, to baka da fulash, wato kati biyar masu kala ɗaya, sai kana da biyu na wannan kalar a hannu. Haka idan tebur ya nuna 9-9-9-K-2 kana da K guda a hannu, baka da ful hawus, wato uku iri ɗaya haɗe da biyu iri ɗaya, wanda ke da fiya (kati biyu iri ɗaya) a hannunsa ko da 4-4 ce ya doke ka. Wasan ya shiga Las Vegas ne a 1982 a gidan caca na Golden Nugget, amma intanet ce ta yaɗa shi duniya. Yawan haɗin katin farawa a Hold'em 1,326 ne, a Omaha kuwa 270,725, kaga babu wanda zai haddace wannan da ka, dole sai da na'ura.

Shafin nasu ba wani ado gare shi ba gaskiya, kana buɗewa zaka ga tsohon yayi ne, akwatuna ne kawai farare. Ka zaɓi irin wasan, akwai Hold'em, akwai Omaha na babba ya ci, akwai mai rabon babba da ƙarami, da wasu. Sai akwatin da zaka rubuta katin tebur, da wani na katin da ka san sun riga sun fita daga wasa, sai akwatunan hannun 'yan wasa. Kati kuma da harafi ake rubuta shi, lamba ko harafin girman katin sannan ƙaramin harafin kalarsa, s na sifed, h na hat, d na daimon, c na kulob, goma kuma T ce. Misali AhKhKs3s. Ka danna, cikin ƙiftawar ido sai ga ɗan tebur ya fito da layi uku masu amfani: kason kowa a fot ɗin (kuɗin da aka tara a tsakiyar tebur) wanda 'yan wasa ke cewa ikwiti, sau nawa ya ci shi kaɗai, sau nawa aka yi kunnen doki. Abin da ya burge ni shi ne yana gaya maka yadda ya yi lissafin. Idan hannu biyu ne sanannu kuma filof, wato kati uku na farko da ake buɗewa a tebur, ya riga ya fito, kati 41 suka rage, hanyoyin da biyun ƙarshe za su iya faɗowa 820 ne, to duka 820 ɗin yake bi ɗaya bayan ɗaya, babu kintace. Idan kuma lissafin ya yi yawa, kamar kafin filof da hannaye da ba a fayyace ba, sai ya yi rabon gwaji sau 600,000 ya baka matsakaici, shi yasa wani lokacin zaka sake dannawa ka ga lambar bayan ɗigo ta ɗan motsa, ba matsala bace.

Gwajin farko da nake so kowane sabo ya yi shi ne na As biyu. A Hold'em sau ɗaya cikin 221 ake raba maka AA, kuma idan ka samu kana da wajen kashi 85 cikin 100 a kan kowane hannu da aka ɗauko da ka, kashi 82 a kan KK. Wannan jin daɗin ne mutum ke tahowa da shi PLO. To a nan As biyu suna zuwa maka kusan sau ɗaya cikin 39, wato ba wani baƙon abu bane, kuma idan ka rubuta AA a akwati ɗaya ka bar ɗayan a kowane irin hannu, zaka ga wajen kashi 65 ne kacal. Yanzu ka canza, ka ba kanka mafi kyawun su, AAKK mai kala biyu-biyu, ka ba abokin karawa 8-7-6-5 shi ma kala biyu-biyu, zaka tarar wajen 60 da 40 ne. Ka sake lalata naka, ka maida shi A-A-7-2 kowane kati da kalarsa daban, ka ba wancan J-T-9-8 mai kala biyu, sai ka ga ka sauko ƙasa da 60. Wallahi ganin wannan da idonka ya fi a gaya maka sau ɗari, saboda daga ranar zaka daina kallon AA a matsayin hannun da aka gama, zaka fara tambayar kanka su wane ne ke rakiyar As ɗin, suna da kala ɗaya da su ne, suna kusa da juna ne, ko dai kati biyu ne kawai nake da su sauran biyun kaya ne.

Kuma daga nan ne dabarar AA ta gaskiya ke fitowa, wadda kalkuletan ba zai faɗa maka da baki ba amma lissafinsa na nuna ta. A PLO ba a yarda ka zuba abin da ya wuce girman fot ba, kuma hanyar lissafa iyakar ƙarin da zaka yi mai sauƙi ce, ka ninka zubin ƙarshe sau uku ka haɗa da sauran abin da wasu suka riga suka zuba. A tebur mai bulain 1 da 2, wato zubin dole da mutum biyu ke yi kafin a raba kati, buɗewa da fot 7 ne. Wani ya ƙara a kanka da fot, ya zama 24. Kai ka sake ƙarawa da fot, ya zama 75. Idan kowa ya zauna da 200 kuma ya amsa, fot ya zama 153 kai kuma saura 125 a gabanka, ƙasa da fot ɗin ma, to a irin wannan yanayin AA ɗinka na da daraja sosai, ka riga ka tura sama da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka lokacin da kake gaba, a mafi yawan filof sai dai ka ƙarasa tura sauran. Amma idan 7 kawai ka zuba mutum uku suka biyo ka, kowa na da kuɗi jibge a bayansa, filof ya fito 9-8-6 babu As, to fiya ɗaya ce tal a hannunka a wasan da kowane mutum ke riƙe da haɗin kati biyu-biyu har guda shida, ka haƙura ka ajiye, babu abin kunya a ciki. Ka zuba wannan filof ɗin a kalkuletan da hannaye uku na tsaka-tsaki ka ga yadda kason AA ke zubewa.

Inda na fi jin daɗin ProPokerTools kuwa shi ne wajen koyon raf, wato jiran sitiret (kati biyar a jere) mai baki da yawa wanda babu irinsa a Hold'em. Can iyakar katin da zai cika maka sitiret takwas ne, nan kuwa yana kaiwa ashirin. Ka rubuta filof T-9-2 kala daban-daban, ka ba kanka Q-J-8-7. Duk K huɗu suna cika maka, 6 huɗu suna cika maka, sai Q uku, J uku, 8 uku, 7 uku, ashirin kenan. Yanzu ka ba abokin karawa T-T a hannu, wato set mafi girma, T uku idan aka haɗa da ta tebur, hannun da ya fi kowane ƙarfi a wannan lokacin. Kai da baka da komai tukuna, ko fiya baka da ita, kai ne a gaba da wajen kashi 54. Mutumin da ya taso a Hold'em sai ya ga kamar na'urar ta yi kuskure, ba ta yi ba, haka wasan yake.

Sai dai a nan ne ya kamata ka rage gudu ka yi lissafin da hannu ma, domin ba duk katin da ya cika maka sitiret ne ya baka nots ba, wato hannun da babu na sama da shi. A cikin ashirin ɗin can, idan Q ta faɗo mai K-J ya fi ka, idan J ta faɗo mai K-Q ya fi ka, saura 14 ne masu tsabta. Yanzu kwatanta hannu biyu a wannan filof ɗin dai na T-9-2. Na farko K-Q-J da wani kati, yana da kati 13 da za su cika masa, kuma duka 13 ɗin nots suke bayarwa, a kan set ɗin T-T yana da wajen kashi 41. Na biyu 8-7-6 da wani kati, shi ma 13 ne, amma uku kacal ne nots, wato idan 6 ta faɗo, sauran goman duk sitiret ne na ƙasa wanda wani zai iya zama a samansa. Idan ka gwada na biyun da set kawai zai yi maka kyau a ido, kusan daidai da na farkon, to amma ka haɗa su su uku a tebur ɗaya, set da babban raf da ƙaramin raf, ka ga yadda ƙaramin ke narkewa. Wannan gwajin na mutum uku shi ne ya fi kama da abin da ke faruwa a ƙananan tebura, inda ba a cika ajiye kati kafin filof ba, kusan kullum mutum uku ko huɗu ne ke ganin filof. Shi yasa ake ta nanata wa sabo cewa ya zaɓi manyan kati masu jere da juna, J-T-9-8 ko K-Q-J-T, da As mai rakiyar kalarsa, ya bar ƙananan jere da fulash na 9 ko na J, saboda a wannan wasan hannu na biyu a ƙarfi shi ne mafi tsada, da shi ake biyan mai nots.

Fulash ma haka. Jiran fulash na As a filof yana cika wajen kashi 36 zuwa katin ƙarshe, amma idan wancan na da set, wani lokacin ka cika shi kuma ya yi ful hawus, sai kasonka ya dawo ƙasa da 30. Amsa zubin da ya kai girman fot kuwa yana buƙatar kashi 33 da ɗan ɗoriya kafin ka fita kunya, tunda kana saka ɗaya ne don ka ci biyu. Kaga jiran fulash shi kaɗai babu fiya babu sitiret a gefe ba abin tura duka kuɗi bane, ko da na As ne. Ƙananan fiya irin 5-5 ko 6-6 su ma ka gwada su, sau ɗaya cikin takwas suke zama set a filof, kuma ranar da suka zama ɗin aka yi ta zuba kuɗi a kanka, sau da yawa babban set ne ko babban raf ke jiranka.

Akwai wani gwaji guda da nake ganin shi kaɗai ya isa dalilin buɗe shafin. Rubuta filof 9s8s7d. Hannu na farko JhTh3c2d, na biyu JdTcQsAs. Dukansu biyu suna da nots, sitiret daga 7 zuwa J. Sabon ɗan wasa mai hannu na farko zai tura duk abin da ke gabansa yana murna, ai nots gare shi. Danna ka duba layin cin kai kaɗai: sifili. A cikin hanyoyi 820 babu ko guda da zai ci shi kaɗai, sau 441 za a raba fot, sau 379 kuma na biyun zai kwashe duka, ko dai sifed ta faɗo ya yi fulash ko J ko T ta faɗo ya hau sitiret na sama. Kason mai hannu na farko kusan kashi 27 ne alhali yana riƙe da nots. Ka tsaya ka kalli sifilin nan da kyau ɗan'uwa, domin yana koya maka abin da mutane ke biyan kuɗi mai yawa kafin su gane, cewa idan kuɗin da ke bayanku na da yawa, nots a filof wanda ba shi da hanyar ƙara girma ba abin rige-rigen ƙari bane, wani lokacin amsawa kawai ya fi, ka jira kati na huɗu ya faɗo lafiya tukuna.

In kana son ka ga cewa manya ma a cikin wannan lissafin suke iyo, zuba shahararren hannun nan na watan Nuwamba 2009 a Full Tilt Poker, tsakanin Patrik Antonius ɗan Finlan da Viktor Blom ɗan Suwidin wanda aka sani da Isildur1, fot ɗin ya haura dala miliyan 1.3. Antonius na riƙe da A-K-K-3, Blom na da 9-8-7-6, filof ya zo 4-5-2. Antonius ya riga ya yi sitiret daga As zuwa 5, Blom kuma yana jiran 3 ko 6 ko 7 ko 8 ya hau samansa, duka kuɗin suka shiga a filof, lissafin wajen 55 da 45 ne. Sai 5 ta faɗo sannan 9, Antonius ya kwashe. Kuɗi irin wannan a kan tazarar kashi goma.

To yanzu ga inda nake da ƙorafi, ko in ce inda ya kamata ka san iyakar abin. Kalkuletan nan kamar sikeli ne, zai gaya maka nauyin kaya daidai amma ba zai ce maka saya ko kar ka saya ba. Duk lambar da ya baka yana ɗauka ne cewa kowa zai tsaya har katin ƙarshe babu wanda zai sake zuba komai babu wanda zai gudu, alhali a tebur ba haka abin yake ba. Misali K-K-7-2 kala daban-daban zai nuna maka kaso mai kyau kafin filof, amma idan K bata faɗo ba, wanda shi ne kusan sau bakwai cikin takwas, kana zaune ne da fiya ɗaya baka san inda kake ba, aka zuba maka fot sai ka ajiye, wancan kason da ka gani a allo baka taɓa karɓarsa ba. Shi kuwa hannu irin T-9-8-7 mai kala biyu lambarsa bata da girma sosai amma yana haɗuwa da filof iri-iri, yana baka dalilin ci gaba. Wanda ya ɗauki lambar kafin filof a matsayin jerin hannayen da zai buga, zai sha wahala.

Sannan bai san wurin zama ba sam. A PLO kuwa zama a ƙarshe, wato kai ne mai magana bayan kowa ya yi, ya fi ma muhimmanci a kan Hold'em, saboda kai ke yanke ko fot zai kumbura ko zai tsaya, kana iya karɓar kati kyauta idan kana jira, kana iya zuba fot idan ka cika. Hannun da zaka buɗe da shi a kan botin, wato wannan kujerar ta ƙarshe, da yawa daga cikinsu shara ne idan kai ne farkon magana. Kalkuletan lamba ɗaya zai baka a duk wuraren biyu. Haka maganar bulof, wato zuba kuɗi ba da hannu mai ƙarfi ba don abokin karawa ya ajiye nasa, misali kana riƙe da As ɗin sifed shi kaɗai tebur na da sifed uku, baka da fulash amma ka san tabbas babu mai fulash na As, wannan dama ce da gogaggu ke amfani da ita su kori mutum, to wannan tunanin baya cikin lissafin ikwiti. Kuma ni shawarata ga sabo ma ya ɗan jinkirta irin wannan bulof ɗin, a ƙananan tebura mutane basa ajiye fulash ko wane iri ne.

Abu na gaba shi ne yaren rubuta rukunin hannaye. Yana da ƙarfi ƙwarai, kana iya rubuta AA$ds ya ɗauko duk As biyu masu kala biyu-biyu, ko ka rubuta 15% ya ɗauko hannaye mafi kyau kashi 15, ko 15%!AA wato waɗannan ɗin amma banda masu As biyu, wanda ke da amfani idan mutum ya amsa kawai bai ƙara ba kana ganin da yana da AA da ya ƙara. Amma sai ka zauna ka karanta bayaninsa, kuma da Turanci yake, alama ɗaya ka saka ba daidai ba sai ya ƙi ko ya lissafa abin da ba shi kake nufi ba. Ga wanda yau ya fara, gara ya tsaya a rubuta kati huɗu-huɗu a fili na ɗan lokaci. Kuma wancan kashi 15 ɗin jerin na'ura ne, mutumin da ke gabanka ba da wannan jerin yake wasa ba, wani duk hannu mai kala biyu yake shiga da shi ko da 9-5-3-2 ne, wani kuma duk fiya babba. Saboda haka amsar da zaka samu bata wuce kyawun zaton da ka zuba ba. Suna da manhajar kwamfuta mai suna Odds Oracle wadda ta fi shafin zurfi, har da wani yaren tambaya da suke kira PQL da zaka iya tambayar abu kamar sau nawa hannu kaza ke yin nots a filof, yana da kyau amma ba na makon farko bane.

Wani abin da baya nunawa shi ne la'adar da gidan wasa ke yanka a kowane fot. A ƙananan teburan PLO wannan la'adar na da nauyi sosai saboda ana yawan ganin filof kuma fot na yawan girma, to idan kana shiga da hannaye masu ɗan rinjaye kaɗan, 52 da 48, rinjayen naka gidan ne ke cinye shi. Wannan ma wani dalili ne na matse hannu kafin filof, ka bar yawan shiga don kawai kati huɗun sun yi maka kyau a ido.

Kuma don Allah kar lambobin nan su sa ka manta cewa caca ce da kuɗin gaske. Tunda kason mutane na kusa da juna, hawa da saukar kuɗi a PLO ya fi na Hold'em tsanani nesa ba kusa ba, kana iya yin komai daidai ka tura kuɗi kana da kashi 60 sau biyar a jere ka faɗi duka biyar ɗin. Phil Galfond, wanda ana lissafa shi cikin gwanayen PLO na duniya kuma shi ya kafa Run It Once, a karawarsa ta 2020 da wani mai suna VeniVidi1993, hannu 25,000 a bulain Yuro 100 da 200, sai da aka bi shi wajen Yuro 900,000 kafin ya farfaɗo ya ƙare da rinjayen da bai kai Yuro 2,000 ba. Idan irin wannan mutumin zai nutse haka, to kai da ka fara jiya fa. Shi yasa masu koyarwa da yawa ke cewa ka tanadi kuɗin zama tebur sau 50 zuwa 100 kafin ka ɗauki wani mataki da gaske, ka fara daga mafi ƙanƙantar tebur ko ma na kuɗin wasa, kuma kuɗin da zaka saka ya zama wanda in ya tafi ba zai taɓa cefanen gida ko haƙƙin wani ba. Wanda ya ga yana bin asara yana ƙara zubawa don ya rama, wannan ba kalkuleta yake buƙata ba, tashi yake buƙata, kuma da gaske nake faɗa.

Wasu za su ce me zai hana a tafi kai tsaye ga solba, wato manhajar da ke lissafa dabarar wasa, irin MonkerSolver, tunda ita tana gaya maka inda zaka zuba da inda zaka ajiye. Gaskiya ne ta fi zurfi, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi da ƙwaƙwalwa mai yawa, kuma amsarta ba zata yi maka ma'ana ba idan har yanzu sai ka daɗe kana ƙirga katin da zai cika maka raf, ko baka rarrabe mai nots da mara nots. PokerTracker 4 da Hold'em Manager 3 su kuma aikinsu daban ne, suna adana hannayen da ka buga su nuna maka inda kake yoyo, suna tafiya tare da wannan kalkuletan ne ba maye gurbinsa suke ba.

Yadda nake ba da shawarar a yi amfani da shi shi ne bayan ka tashi daga wasa, ba lokacin da kake ciki ba, dama shafukan wasa da yawa sun hana buɗe irin waɗannan kayan lissafi ana tsakiyar hannu, ka karanta dokar inda kake wasa kar a rufe maka asusu. Ka ɗauko hannayen da suka ɗaure maka kai, kafin ka danna ka fara rubuta naka kintacen a takarda, kashi nawa kake jin kana da shi, sannan ka danna ka ga tazarar. Daga nan ka canza kati ɗaya tak, ka cire 2 ka saka Q, ko ka maida As ɗin ya zama kala ɗaya da wani katin, ko ka ƙara mutum na uku, ka sake dannawa. A ma'aunina, ga mai fara PLO ina ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan da na cire saboda wahalar yaren rubutunsa ne da kuma yadda baya gargaɗin sabo cewa ikwiti kafin filof ba shi ne jerin hannayen bugawa ba.